Magajin gari, prefe da mai gari: wa ke da iko a kan me a lokacin korona na 2020

Zuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu mazauna Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, da waɗanda har yanzu suke gidajen masu masauki a ƙauyukan bakin iyaka. 

Tun ranar 19 ga Maris 2020, da aka tabbatar cutar korona ta shigo Nijar, tambayoyin da kuke kawo mana a rumfar ofishin kariya suka canza. Da can maganar rajista ce, da katin abinci, da neman ɗan uwan da aka rabu da shi a hanya. Da cutar ta shigo sai a ce mana: wa ya rufe masallaci? Yaushe za a buɗe iyaka? An ce ruwa ya zama kyauta, ina namu? Mu da muke zaune a tsakiya muna fassara mun lura cewa kukan na gaskiya ne, amma sau da yawa ana kai shi inda ba a da maganinsa. Magidanci zai biya kuɗin babur zuwa ofishin magajin gari a kan abin da magajin garin ba shi da ikon taɓawa, ya dawo da ɓacin rai yana cewa an wulaƙanta shi don baƙo ne. A gefe guda kuma ga abin da yake aikin magajin gari ne tsantsa, wanda haƙƙinku ne, ba mai zuwa nemansa har lokacinsa ya wuce. Shi ya sa muka ware wannan fitowa don mu bayyana yadda hukumar gari take a nan.

Me ya haɗa mu da ƙaramar hukuma?

Wani dattijo ya taɓa ce mana, “Mu ai mutanen HCR ne, ina ruwanmu da magajin gari?” Baba, da ruwanku. A baki muna cewa sansani, amma a takarda wuraren nan uku ba sansani ba ne mai shinge da dokarsa daban. An zaunar da ku ne a gefen ƙauyukan da suke nan tun da, aka nisanta ku da iyaka saboda tsaro, da nufin ku sha ruwa ɗaya da mutanen gari, yaranku su shiga makaranta ɗaya, a duba ku a asibiti ɗaya. HCR da ƙungiyoyin da ke aiki da ita suna taimakawa, amma ƙasar da kuke kai tana cikin ƙaramar hukuma, kuma dokar Nijar ce ke aiki a kanta. Duk wanda ya kwana ya tashi a cikin ƙaramar hukuma, ɗan ƙasa ne ko baƙo, magajin gari yana da nauyinsa a wuya ta wasu fuskoki.

Sunan kansa yana rikita mutane. Ku da kuka fito daga ƙasar Sakkwato kun san Magajin Gari a matsayin sarauta, mai rawani. A nan ba haka ba ne. A 2020 magajin gari a Nijar ɗan siyasa ne, shi ne kwatankwacin ciyaman na ƙaramar hukuma a Najeriya. Ofishinsa ake kira meri, ƙaramar hukumar kuma za ku ji ana ce mata kwamin. A lokacin jama'a ne ke zaɓen kansiloli, su kuma kansilolin su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari. Gundumar Gidan Rumji tana da ƙananan hukumomi biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. In ba ku san wacce kuke ciki ba, ku tambayi mai gari, domin meri ɗin da ba naku ba ba zai yi muku takarda ba.

Sama da magajin gari akwai prefe, mai riƙe da gunduma. Sama da prefe akwai gwamna a Maraɗi. A nan ne babban bambanci yake da abin da kuka saba: a Najeriya ku kuke zaɓen gwamna, a Nijar kuwa gwamna da prefe naɗa su ake yi daga Yamai. Su wakilan gwamnatin tsakiya ne, su ke tabbatar da an bi umarninta, kuma maganar tsaro, jandarma da sojoji, ta hannunsu take bi. Prefe yana kuma duba ayyukan meri ya ga ko sun yi daidai da doka.

Sai sarakunan gargajiya: mai gari, sama da shi sarkin yanki, har zuwa Sarkin Gobir na Tsibiri. Wannan ba sai mun yi dogon bayani ba, musamman ga mutanen Sabon Birni da Isa, don da yawanku Gobirawa ne kamar masu masaukinku. Abin da za mu ƙara kawai shi ne a Nijar doka ta ɗauki sarakuna a matsayin mataimakan hukuma. Mai gari yana sasanta rigima, yana karɓar haraji, kuma a 2020 sarakuna suna da kujera a majalisar ƙaramar hukuma, ana jin shawararsu ko da yake ba sa jefa ƙuri'a.

Abin da ya sauko daga Yamai

Duk manyan matakan da suka takura mu a 2020, gwamnatin tsakiya ce ta yanke su. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ne ya sanar da rufe iyakokin ƙasa da filayen jiragen sama da makarantu a tsakiyar Maris 2020, aka hana manyan taruka, aka rufe masallatai da coci-coci. Ranar 27 ga Maris 2020 aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka killace birnin Yamai, aka sa masa dokar hana fita da dare. Ba magajin gari ko ɗaya da ya sa hannu a wannan, kuma ba wanda zai iya ɗage shi a garinsa. Iyakarsa ya isar da saƙo, ya sa mai shela, ya taimaka a bi.

Rufe masallaci shi ya fi yi wa mutane ciwo, ba ma musun haka. Mu ma azumin 2020 mun fara shi ba tare da asham a cikin jama'a ba, abin da ba mu taɓa gani ba tun tasowarmu. A Mirya ta jihar Damagaram da wasu unguwannin Yamai har tarzoma aka yi, aka kama mutane. Amma ba Nijar kaɗai ba ce: Saudiyya ta dakatar da umara, a Kano an hana fita gaba ɗaya. Mun gode muku da ba ku shiga hayaniya ba. Ɗan gudun hijira in aka kama shi a tarzoma, lamarinsa ya fi na ɗan gari wuyar warwarewa, kuma zafin yana komawa kan sauran 'yan uwansa. An sake buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu 2020, dab da goman ƙarshe na azumi, makarantu kuma ranar 1 ga Yuni. Buɗewar ma daga Yamai ta zo, da sharuɗɗanta na wanke hannu da rufe baki da hanci da ba da tazara.

Iyaka kuwa a tsakiyar 2020 a rufe take, kuma rufi biyu ne: Najeriya ta rufe nata ɓangaren tun watan Agusta 2019, kafin a san da wata korona, Nijar ta rufe nata a Maris 2020. Masu gudun ceton rai ba a hana su shigowa ba. A watan Afrilu 2020 kaɗai mutum kusan 23,000 suka tsallako, kuma bayan harin da aka kai ƙauyukan Sabon Birni a ƙarshen Mayu wasu sun ƙaru, Allah ya ji ƙan waɗanda aka rasa. Amma a lokacin zirga-zirgar kasuwanci da ziyara ba ta halatta ba. Mun san da ruwa ya sauka zuciyar manomi tana can gonarsa. Sai dai ku sani magajin gari ba ya ba da takardar tsallaka iyaka, mai gari ma ba ya bayarwa, mu ma ba ma bayarwa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku irin wannan takarda, damfara ce.

Takardar haihuwa: kwana 60

A nan za mu daɗe, domin shi ne abin da ya fi damunmu, kuma shi ne aikin meri na farko.

Da cutar ta shigo, mata da yawa suka ƙaurace wa asibiti. Wasu sun ji tsoron kamuwa, wasu sun ji jita-jitar cewa duk wanda ya je da zazzaɓi za a tsare shi. Aka koma haihuwa a ɗaki. Suna kuma, da yake an hana taro, sai aka yi shi a taƙaice, liman da mutum uku ko huɗu, aka raɗa wa yaro suna aka watse. Ba wanda ya tuna da takarda. To ga yadda dokar take. Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa a sanar da hukuma. A cikin kwanakin nan sanarwar kyauta ce. In a asibiti aka haihu, akwai littafin da ake rubutawa a can. In a gida ne, mai gari yana da irin wannan littafi, ko a je meri kai tsaye. Daga littafin ne bayanin yake tafiya meri, magajin gari ko mataimakinsa ya sa hannu, takardar haihuwa ta fito.

In kwana 60 suka cika ba a sanar ba, magajin gari ba shi da ikon rubuta yaron ko da yana so. Magana ta koma gaban alƙali: sai an kawo shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da ya tabbatar da haihuwar, sannan a dawo meri. Akwai kuɗin takardu, akwai kuɗin mota, akwai jira. Wani lokaci alƙalai suna fitowa ƙauyuka su yi wa yara da yawa a zama ɗaya, amma irin wannan zama taro ne, kuma taro shi ne abin da annoba ta tsayar a 2020. Ku yi lissafi da kanku. 

Wata baiwar Allah ta zo mana da jariri a goye, kwanansa sun haura sittin da 'yan kaɗan. Muka tambaye ta me ya hana ta zuwa da wuri. Ta ce maigidan ne ya hana, wai in aka rubuta yaron a Nijar ya zama ɗan Nijar, ran da aka koma gida ba za a karɓe shi ba. Mun ji wannan magana daga baki fiye da ɗaya, don haka bari mu amsa ta a fili. Takardar haihuwa shaida ce ta cewa an haifi wane, ɗan wane da wance, a wuri kaza, ran kaza. Ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasar, in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. To da me za a tabbatar ubansa wane ne, in ba da wannan takarda ba? Yaron da ke cikin haɗari shi ne wanda ba a rubuta shi ko'ina ba: a Nijar babu sunansa, a Najeriya babu. Yau ba za a ga illar ba. Sai ran da ya isa jarrabawar ƙarshen firamare, ko ya girma yana neman katin shaida, ko aka zo rabon gado.

Akwai wani kuskuren kuma. Ƙara jariri a rajistar iyali ta 'yan gudun hijira, wadda ake ba da taimako da ita, daban yake da takardar haihuwa ta meri. Yin ɗaya bai ɗauke ɗaya ba. Ku yi duka biyun.

Shawara daga tafinta: in ana rubuta sunan yaro, ku sa a karanta muku shi da ƙarfi kafin ku tashi. Ma'aikatan nan da rubutun Faransanci suka saba, ku kuma takardunku na gida da wani rubutun aka yi su. Usman ɗaya sai ya fito da rubutu iri biyu, Hauwa'u ma haka. In sunan uba a takardar yaro ya saɓa da yadda yake a takardar hijira, gyaransa daga baya wahala ce. Ku tafi da takardar hijirarku, ku ce a kwafa daga jikinta.

Ba a biyan ko dala a kan sanar da haihuwa cikin lokaci. Mun taɓa raka wani magidanci wani ofishi aka ce masa littafin ya cika, ya dawo wani mako, ya koma aka sake ce masa haka. Irin wannan yana faruwa, kuma kwanaki ba sa jira. In ya same ku, kada ku yi shiru ku koma gida. Ku faɗa mana a ranar, mu san yadda za a rubuta cewa kun zo cikin lokaci.

Rasuwa ma ana sanar da ita, ta hanya ɗaya. Mun san wasu suna ɓoye rasuwa don kada a rage kason abinci. Mun fahimci dalilin, yunwa ba wasa ba ce. Amma matar da mijinta ya rasu ba takarda, ita ke shan wahala gaba a maganar riƙon yara da gado.

Ruwa, kasuwa da gona

An ce a riƙa wanke hannu da sabulu sau da yawa a yini. Uwar gida ta ce mana, da wane ruwan? Tambayarta daidai ce. Gaskiya ne gwamnati ta ɗauke wa ƙananan masu amfani kuɗin ruwa da wuta na watannin Afrilu da Mayu 2020. Wannan ya shafi masu karɓar takardar biya daga kamfanin ruwa da na wuta, kuma yawancinsu a birane suke. Ruwan karkara tsarinsa daban ne. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da ruwa, lafiya, ilimi da muhalli. Don haka famfo da tankin ƙauye suna ƙarƙashin meri, ko da ƙungiya ce ta haƙa, kuma akwai kwamiti ko wani mai kula da aka damƙa wa. In famfo ya lalace, ko aka ƙara kuɗin jarka ba bayani, ko ana mayar da matanku ƙarshen layi, wannan kuka ne da meri ke da ikon sharewa. A fara da kwamitin ruwa, sannan mai gari, sannan meri.

Maganar layin famfo, mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Mutanen ƙauyukan nan sun raba rijiyarsu da hatsinsu da ku tun kafin wata mota mai tambari ta iso. A 2020 jama'a ta ninka, ruwan bai ninka ba, ga zafin bazara da aka sha, ga kuma umarnin a ba da tazara a wurin da kowa ke tsoron a sha gabansa. Faɗan da ake yi a bakin famfo ba ƙiyayya ba ce, ƙarancin ruwa ne. In aka kai shi meri a matsayin kukan gari ɗaya, baƙi da 'yan gida tare, ya fi saurin samun kunne.

Kasuwa ma ta meri ce. Shi ke tsara rumfuna, shi ke karɓar kuɗin zama. Duk wanda ya baza kaya yana biya, ɗan gari ko baƙo, amma ku karɓi tikiti, kuma kuɗin da ke jikin tikitin shi za ku biya. Ga masu sabon zuwa: a nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma 1,000. An sha cutar mutane a nan wurin. Tsadar kaya kuwa, wadda rufe iyaka da faɗuwar naira suka jawo, ta fi ƙarfin magajin gari. Shi ma tana cinsa: kuɗin shigar ƙaramar hukumar karkara daga haraji da kasuwa yake fitowa, in kasuwa ta mutu asusun meri ya bushe. Idan kun ji ya ce ba kuɗi, wani lokacin gaskiya yake faɗa.

Wanda ya samu aron gona ko haya bana, ya yi ta a gaban mai gari. Akwai kwamitin filaye a ƙauye da kuma a meri, ana ce masa kofo, yana rubuta yarjejeniya: gona kaza, damina nawa, a kan me. Rigimar gona ba ta tashi ranar shuka, sai gero ya yi kai.

Asibiti da jana'iza

In ɗan Nijar ya ce muku ya tafi likita, asibiti yake nufi. Ƙaramin asibitin yanki ana kiransa CSI, na gunduma yana Gidan Rumji. Meri yana taimakawa da gini da tsabta, amma ma'aikatan da magunguna da duk hukuncin da ya shafi korona, wa za a gwada, wa za a keɓe, na ma'aikatar lafiya ne ta hannun babban likitan gunduma. Magajin gari ba ya tsare mara lafiya, ba ya sakinsa.

Alamomin cutar kun sha jin su: zazzaɓi, busasshen tari, kasala, wani lokaci mutum ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, in ta yi tsanani numfashi ya yi wuya. Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa. Ta fi tsananta ga tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙirji. A 2020 akwai lambar 15 da ake kira kyauta da layin Nijar, amma a inda muke ya fi sauƙi a sanar da ma'aikacin lafiya na kusa. Abin da ya fi ba mu tsoro a watannin da ke tafe shi ne zazzaɓin cizon sauro. Damina ta shigo, kuma shi ma da zafin jiki yake farawa. Uwar da ta ɓoye yaro mai zazzaɓi don tsoron a ce korona ce, tana iya rasa shi cikin kwana biyu a kan ciwon da yake da magani. Tun 2006 duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnatin Nijar. Wani lokaci magani yana yankewa, wannan gaskiya ne, amma ku je. Haka awon ciki da allurar rigakafin yara, ba a dakatar da su ba. Nan gaba cikin damina masu raba maganin kariya daga zazzaɓin sauro za su zagaya gida gida don ƙananan yara, kamar yadda ake yi kowace shekara. Ba maganin korona ba ne, ba gwaji ake yi da 'ya'yanku ba.

Maƙabarta tana ƙarƙashin gari, ku kuma kuna da haƙƙin a rufe naku a cikinta kamar kowa. Mai gari ake sanarwa. In mamacin ya yi fama da tari da sarƙewar numfashi kafin ya cika, a gaya wa ma'aikatan lafiya kafin a yi wanka, don su nuna yadda masu wankan za su kare kansu. Za a yi masa sutura, a yi masa salla. A rage cunkoso wurin zaman makoki, musamman tsofaffi su yi gaisuwa su koma.

Yadda ake shigar da kuka

Ba ku da ƙuri'a a Nijar, kuma muna roƙonku ku nisanci harkar zaɓe. Kansilolin da ke kai a tsakiyar 2020 tun Janairu 2011 aka zaɓe su, an sha ɗage sabon zaɓe, sai a ƙarshen 2020 aka yi shi, haka ma na shugaban ƙasa.  Wanda ya ce zai samo muku katin zaɓe ko takardar ɗan ƙasa, kada ku karɓa. Laifi ne a doka, kuma yana iya ɓata matsayinku na masu neman mafaka.

Rashin ƙuri'a bai hana a saurare ku ba. A 2020 majalisar ƙaramar hukuma tana zama duk wata uku, a nan ake yanke inda kuɗi za su tafi: wane famfo za a gyara, wace makaranta za a ƙara wa aji. Hanyarku zuwa can ita ce kwamitinku na 'yan gudun hijira da mai gari. Abin da muka gani yana aiki shi ne kuka guda ɗaya a lokaci guda, a rubuce, da ranar da abin ya faru da adadin gidajen da ya shafa, mutum biyu ko uku su kai, a cikinsu da mace. Takardun meri da Faransanci ake yinsu, amma magana da Hausa ce, don kusan duk wanda za ku tarar a can Hausa yake ji. Rubutun mu za mu taya ku, ba a biya. A ra'ayinmu kwamitocin sun cika barin mata a baya, alhali ruwa da asibiti da takardar jariri duk a hannunsu suke. Iyayenmu maza, a gyara wannan.

Akwai abubuwan da ba a bi da su ta wannan doguwar hanya. Duka, fyaɗe, aurar da yarinya ƙarama, yaron da ya iso ba iyaye, barazana daga wani mai makami, ko wani ma'aikaci, na hukuma ne ko na ƙungiya, da ya nemi kuɗi ko ya nemi mace a bakin taimako: waɗannan a kawo su ofishin kariya kai tsaye. Ana sauraro a keɓe, akwai mace mai saurare ga wadda ta fi son haka, kuma abin da tafinta ya ji a ɗakin, a ɗakin yake barinsa. Zaman gida da rashin abin yi na watannin korona sun ƙara zafi a cikin gidaje, mun sani.

A zuwanmu na gaba kowane wuri, za mu fara da jarirai. Duk gidan da aka haihu daga watan Maris zuwa yau, uwa ko uba ya zo rumfar ofishin kariya da takardar hijira ta iyali, da katin awo ko na rigakafi in akwai, da ranar haihuwar. Wanda bai riƙe ranar ba ya tuna ko azumi nawa ne, ko kwana nawa kafin salla ko bayanta, za mu lissafa tare. Waɗanda kwanakinsu ba su cika ba za mu tura su wurin mai gari ko meri a ranar. Waɗanda suka wuce za mu rubuta sunayensu a jerin masu jiran alƙali. Ba sai an zo da jaririn ba.